Rishon da Lachie Ya Saya

Ranar da Senga ta zo wurinsa, ruwa ake yi a garin Clydebank tun asuba, irin siririn ruwan nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, wanda mutum zai fita yana cewa ai yayyafi ne, kafin ya kai bakin titi riga ta manne masa a baya. Ƙarshen watan Agusta ne. Lachie Gemmell yana tsugune a ƙofar ɗakinsa a hawa na uku, ya kifa kekensa, yana goge sarƙa da tsohon buroshin haƙori, sai ya ji takun mace a matakala, tana hawa tana hutawa.

Senga matar abokinsa Dod ce. Ta san gidan nan tun tana amarya, amma ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba.

"Matarmu, ke ce a cikin ruwan nan? Ina kika baro gajeren mijin naki?"

"Yana gida, yana yi wa kekensa hidimar da bai taɓa yi min ba. Matsa min in wuce, Lachie, gwiwata ta gaji."

Ya ɗora ruwan shayi. Ita ko rigar ruwanta ba ta cire ba, ta zauna a bakin kujera ta riƙe jakarta a cinya da hannu biyu. Sai da ya ajiye mata kofi sannan ta faɗa masa. An ɗauki hoton ƙirjin Dod a asibiti. Ƙurar da ya shaƙa a wurin aiki tun yana saurayi ta cinye masa huhu, kuma ba abin da likita zai iya yi.

"An hana shi tafiyarmu ta keke ke nan?" in ji Lachie.

"Likita ya ce in zai yi, to bana ne. Baɗi ko matakalar nan taka ba zai iya hawa ba, balle dutse." Ta juya kofin, ba ta sha ba. "Tun da aka gaya masa ba shi da zance sai na tafiyar nan. Ka kai min shi garin Inverness, Lachie. A kan kekensa, da ƙafarsa. Abin da ya rage masa ke nan da yake so."

"Zan kai shi."

"Kuma bai san na zo ba. In ka bari ya gane ka sani, ni da kai duk kashinmu ya bushe."

Lachie haifaffen Clydebank ne, a ɗaya daga cikin dogayen gidajen hayar nan masu kallon kogi. Ubansa a wurin ƙera jiragen ruwa ya ƙarar da ƙarfinsa, shi ma yana cika shekara sha biyar ya bar makaranta ya bi sawu, ya koyi walda. Dogo ne mai manyan hannuwa, magana kuwa sai an tatso ta daga bakinsa. A ƙasan wani jirgi da ake haɗawa ya fara ganin Dod Meikle, wanda aikinsa shi ne naɗe bututu da farin abin nan mai kama da auduga, mai tare zafi. Dod yakan fito fari fat kamar an birgima shi a gari, yana dariya, yana kakkaɓe hularsa a kan abincin mutane. A lokacin ba wanda ya san ƙurar nan tana kisa. Shi gajere ne, bakinsa kuwa ba ya rufuwa. Shi ya sa wa Lachie suna Dogo, Lachie ya rama da Gajere, sunayen suka bi su har tsufa.

Keke ne ya ƙulla abotar. A zamanin, ana tashi daga aiki ran Asabar da rana sai samari su ɗaure bargo a bayan keke su bar hayaƙin gari. Su biyun ba su daɗe a kwalta ba suka koma bin hanyoyin da masu koro shanu suka bari, da na masu saran katako a kurmi. Daga nan suka ƙirƙiro wa kansu tafiya ta kowace shekara. Farkon Satumba sai su tashi daga Glasgow, su bi ta kurmi da duwatsu da fadamar Rannoch har Inverness, can arewa, wajen mako guda, su dawo a jirgin ƙasa. Aka zo aka rufe wurin aikinsu, Lachie ya koma walda a garejin motocin haya. Ya auri Ishbel, suka haifi 'ya ɗaya, Rhona, kuma Ishbel ta rasu Rhona tana budurwa. Duk wannan bai katse tafiyar ba. Ko shekarar rasuwar, sai da Dod ya zo ya zauna masa a ƙofa da kekensa har ya fito.

Sun raba aiki ba tare da sun taɓa zama sun raba ba. Duk abin da ya shafi ƙarfe na Lachie ne, faci da birki da sarƙa, har tanti shi ke ɗauka. Wuta kuwa ta Dod ce. Masu keken wancan zamani ba sa shiga shago shan shayi, a bakin hanya suke hura wuta, su rataya gwangwani mai hannun waya a jikin sanda. Dod ya gwanance a wannan har ana ba da labarinsa. Ya san farin ɓawon bishiyar da ke kamawa ko ruwa ya doke shi, ya san inda busassun rassa ke ɓoye a kurmi. A fadama kuma, inda ko bishiya ɗaya babu, yakan tono tsoffin saiwoyin da baƙin taɓo ya binne tun fil azal, masu ƙaro a ciki, su ci kamar an zuba musu mai. Ashana ɗaya yake ƙyastawa. Sai ya jefa ɗan tsinke a kan ruwan, wai don kada hayaƙi ya shiga shayi.

Abin dai yana cin lokaci. Kafin a tara itace, wuta ta kama, ruwa ya tafasa, a sha, a kashe, a rufe wurin da ƙasa, an yi sa'a guda. Kuma Dod ne mai kiran tsayawa. Suna cikin tafiya sai ka ji ya ja birki.

"Dogo, dubi itacen can. Zunubi ne a wuce shi."

"Ba yanzu muka sha ba?"

"Wancan na safe ne. Wannan na hantsi."

"Da ba don shayinka ba, Gajere, da yanzu mun kai mun dawo."

"Mu kai mu yi me? Akwai wadda ke jiranka a Inverness ne ban sani ba?"

Sauran masu keke duk sun daɗe da komawa ɗan rishon gas mai shiga aljihu. Dod yakan ce wannan shayin 'yan ofis ne.

To, bayan Senga ta sauka, Lachie ya daɗe tsaye da buroshin a hannu. Abin da ya zo masa a rai shi ne Dod a durƙushe, fuskarsa cikin hayaƙi, yana hura jiƙaƙƙen itace da baki. Da wane huhun zai yi wannan bana? Ya kuma ga cewa in shayi ya daina cin rabin yini, za su riƙa kafa tanti da sauran rana, mutumin ya miƙe ƙafa ya huta sosai. Ya juya tunanin ta ko'ina, bai ga ɓaraka ba. Da yamma ya shiga mota zuwa Glasgow, ya sayo risho da gwangwanin gas ɗaya da 'yar tukunya, ya cusa su a ƙasan jakar kekensa.

Ranar tafiya shi da Dod suka tashi da safe, gari ya yi haske. Dod yana gaba, baƙin gwangwaninsa yana lilo a bayan sirdi, yana zagin motoci ɗaya bayan ɗaya har suka bar kwalta. Tarinsa yana nan, amma ba wanda zai ce mutumin nan yana ɗauke da abin da yake ɗauke da shi. Da suka shiga kurmi, a bakin wani rafi, ya ja birki ya jingine keke, ya nufi cikin itatuwa yana naɗe hannun riga. Kafin ya dawo da rungumen farko, Lachie ya kafa risho a kan dutse, ruwa har ya fara kuka.

Dod ya tsaya da itacen a ƙirji.

"Mene ne wannan kuma? Abin ƙona gashin kaza?"

"Rhona ce ta saya min," in ji Lachie, idonsa a kan tukunya. "In ban yi amfani da shi ba za ta ji haushi."

"Rhona tana nan ne? Ɓoye take a jakarka?"

"Za ta tambaye ni."

"Sai ka yi mata ƙarya mana, kamar kowane uba. Dogo, shekara nawa ina ba ka shayi, ka taɓa mutuwa?"

"Zauna ka sha, ya yi."

Dod ya zubar da itacen, ya karɓi kofi ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa," in ji shi. Amma ya shanye. Suka zauna kaɗan. Sai dai zama a kurmin nan ba wuta ba ya yiwuwa. Gumi ya fara sanyi a bayansu, ga ƙananan ƙudajen nan masu cizo sun taso daga ciyawa, da ma hayaƙi ne ke korar su. Lachie ya mari wuyansa sau biyu, ya miƙe ya ɗaure jaka. Dod ya dube shi, shi ma ya miƙe. Ranar sun kafa tanti rana tana sama sosai, Lachie ya ji daɗi a ransa, ya ce dabara ta yi.

Washegari da hantsi Dod ya sake gwadawa. Sun gama wani dogon hawa, ya ja birki, ya tara itacensa, ya durƙusa ya jera su yadda ya saba. An yi ruwa da asuba, itacen ya sha. Ashanar farko ta mutu. Ta biyu ta kama ɓawon, ya sunkuya ya hura, hayaƙi ya daki fuskarsa, sai tari ya turnuƙe shi, irin tarin da ke naɗe mutum biyu. Ya dafa ƙasa da hannu yana neman numfashi. Lachie bai iya kallo ba. Ya juya baya ya kunna risho, don hannunsa ya sami abin yi. Kafin tarin ya lafa, ruwa ya tafasa.

"Ga shi nan, Gajere. Bar itacen nan, ya jiƙe."

Dod ya goge bakinsa da bayan hannu. Ya dubi 'yar wutarsa da ke ta hayaƙi ba harshe, ya dubi kofin da ake miƙo masa. Ya tashi ya sa ƙafa ya watsa itacen.

"Ka yi gaskiya," in ji shi. "Ya jiƙe."

Tun da suke, bai taɓa cewa Lachie ya yi gaskiya a kan wani abu ba.

Daga nan bai ƙara jan birki ba. Suka wuce busassun itatuwa a bakin tafki, suka wuce wani kangon dutse da suke tsayawa duk shekara, bai ko waiwaya ba. Wuta ta bar hannunsa, ba shi da sauran dalilin cewa a tsaya, sai dai ya ce ya gaji. Mazan da suka tashi a wurin ƙera jirage kuwa ba sa faɗin wannan kalmar, ko hanji ya fito. Lachie shi ma bai saba kira ba. Yakan tuna can da azahar, ya tsaya, su sha a tsaye kusan, su hau. In ya tambaya, "Lafiya dai ko?" sai Dod ya ce, "Kai dai kula da ƙafarka, tsoho." Da yamma, ana kafa tanti yake shigewa da takalmansa, ya kwanta ya juya baya. Abincin da Lachie ya dafa, cokali biyu yake yi ya ture. Zagin ma ya ragu. Lachie ya lura da shirun, amma ya ɗauka mutumin yana tattalin numfashinsa ne, ya ce hakan ma daidai ne.

Ranar da suka hau fadamar Rannoch gajimare ya sauko har ƙasa, iska tana bugo su ta gefe. Hanyar duk duwatsu ce da ramukan ruwa, hawa ne a hankali wanda ba ya ƙarewa, wani wuri a tuƙa, wani wuri a tura. Wajen tsakar rana suka zo inda ruwa ya zaizaye taɓo, manyan saiwoyin nan suka fito fili, farare, busassu ƙarƙashin wata gaɓa. Dod ya rage tafiya ya dube su. Lachie ya ga ya duba. Da ya ce, "Gajere, hura mana," da shi ke nan. Amma abin da ya gani shi ne leɓen abokinsa ya sauya launi, sai ya ce a ransa gara su yi sauri su sauka daga iskar nan.

"Saura kaɗan mu gangara," in ji shi. "Daure."

"Wa ya ce maka ina daurewa?"

Ba su yi nisa ba Lachie ya ji faɗuwar keke a bayansa. Ya waiwaya, ya ga Dod zaune a tsakiyar hanya cikin ruwa, ƙafafu a miƙe, baki buɗe, yana jan iska ba ta shiga. Ya ruga ya tallafe shi, ya lulluɓe shi da rigarsa, ya kare shi daga iska da jikinsa har numfashin ya ɗan dawo. Hawa keke dai ya ƙare. Abin da ya fi kusa shi ne tashar jirgin ƙasa ta Corrour, wadda ba titin mota, sai layin dogo da ɗan gini a tsakiyar fadama. Lachie yakan tura keke ɗaya gaba ya ajiye, ya dawo ya ɗauki ɗayan, ya sake dawowa ya kama Dod a kafaɗa. Haka suka yi ta yi har la'asar.

A tashar suka zauna a benci suna jiran jirgin kudu. Dod ya ɗan farfaɗo. Idonsa a kan layin dogo ya yi magana.

"Senga ta zo wurinka ko?"

Lachie ya kau da kai.

"Ba sai ka amsa ba, fuskarka kamar allon talla take. Rhona! Yarinyar da ba ta san risho da tukunyar fure ba. Tun a bakin rafin nan na sani."

"Hayaƙin ne na ji maka."

"Na sani, Dogo."

"Ka kwana biyu a gida ka huta, mu dawo nan a jirgi mu ƙarasa."

"Haba. Ka taɓa ganin an ƙarasa tafiya da rance?" Ya yi tari, ya tofar. "Kai dai ka wuce."

"Tare za mu koma."

"Ka koma ka yi me? Ka riƙe min hannu a jirgi kamar budurwa? Wallahi in ka sa ƙafa a jirgin nan ni sauka zan yi, in zauna a bencin nan har dusar ƙanƙara ta rufe ni. Ɗaya daga cikinmu dai ya kai."

Jirgi ya zo. Lachie ya shigar masa da keke, ya roƙi mai duba tikiti ya sa masa ido, ya kira Senga a waya ta tari Dod a Glasgow. Kafin a rufe ƙofa Dod ya kwance baƙin gwangwaninsa ya jefo masa.

"Riƙe. Abin wasan naka ba zai kai ka ba."

Ya kuwa faɗi daidai. Kwana biyu bayan nan, a gindin babban dutsen da ake haurawa kafin a gangara tafkin Ness, gas ya ƙare, ruwa ko ɗumi bai yi ba. Lachie ya tsaya yana girgiza gwangwanin gas kamar zai canja ra'ayi. Daga baya ya shiga tara itace. Shekara arba'in da wani abu yana kallon ana hura wutar nan, amma sai da ya kusa ƙarar da ashanarsa kafin ta kama. Ya rataya gwangwanin Dod, ya zauna jira, don ba abin da ake yi sai jira.

A zaman nan ne ya gane. Ɗumi ya shiga gwiwoyinsa. Bugun ƙirjinsa, da tun safe yake ji a kunne, ya kwanta. Ƙudajen suka ja baya. Lokacin da ruwa ya tafasa, ƙafafun da ya zo da su kamar na aro sun dawo nasa, har yana jin zai iya hawan dutsen. Sai ya tuna cewa a 'yan shekarun nan wutar Dod ta yi ta ƙaruwa. Da sau biyu suke tsayawa a yini, ta koma uku, bara har huɗu, kuma kowace sai ta fi ta baya daɗewa, shi kuwa yana ta mita, yana cewa tsufa ya sa mutumin kwaɗayin shayi. Ashe da wutar nan Dod yake tafiya tuntuni. Ita ce ke ba shi hutun da bakinsa ba zai roƙa ba, ita ce kuma abu ɗaya da har yanzu ya fi kowa iyawa. Shi kuma ya zo da hannunsa ya karɓe duka biyun, don tausayi. Da ya bar masa jera itace da ashana, shi ya durƙusa ya hura masa, me zai ragu? Wannan bai zo masa ba sai a gindin dutsen, shi kaɗai.

Ya hau dutsen, ya gangara, ya bi gefen tafki ta kurmi har Inverness. Bai kwana a garin ba. Daga bakin kogin garin ya wuce tasha kai tsaye, ya hau jirgin farko.

Dod ya yi mako a asibiti, aka sallamo shi da tukunyar iskar numfashi da robar hanci. Senga ta buɗe wa Lachie ƙofa, ta dube shi, ta ce, "Ka yi iya ƙoƙarinka, Lachie. Shigo, yana falo." Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Rhona ce kaɗai ya taɓa gaya wa abin da ya gane. Ta ce, "Baba, da ka bar shi da hayaƙin nan, wa ya sani ko a rana ta biyu zai faɗi? Ba mai iya sani." Bai yi mata musu ba, don gaskiya ne, ba mai iya sani. Amma hakan bai rage masa komai ba.

Dod ya ƙara shekara ɗaya da rabi. Kowace Laraba Lachie yakan hau mota ya je ya zauna da shi. Sau ɗaya ya yi niyyar buɗe maganar.

"Gajere, rishon nan da na saya..."

"Kai, dubiya ka zo ko wa'azi? Gyara min matashin nan." Da aka gyara, ya lumshe ido. "Faɗa min, daga Corrour. Gadar katakon nan tana nan?"

"Tana nan. Katako biyu sun fita."

"Tun zamanin kakanka suke fita. Sai kuma ina?"

Lachie, wanda ba ya iya haɗa magana uku a jere, ya ba shi labarin sauran hanyar, tun daga tashar har bakin kogin Inverness, inda barewa suka tsallaka, inda ya yi faci, yadda iska take a kan dutsen. Laraba mai zuwa Dod ya sake tambaya, aka sake farowa daga Corrour. In Lachie ya tsallake wani kwari, sai ya buɗe ido ya ce, "Ƙarya kake, Dogo, ka bar rafin nan mai jan ruwa." Haka suka yi ta yi har lokacin da ba ya iya tambaya, Lachie ya ci gaba da faɗa ba a tambaye shi ba. Maganar da ya zo da ita kuwa ba a sake ba shi ƙofar faɗinta ba. Dod ya rasu a watan Maris, Lachie yana cikin waɗanda suka riƙe igiya aka saukar da akwatin gawarsa cikin kabari.

Bayan nan ya ɗan ci gaba da fita, yini ɗaya, wani lokaci ya kwana, duk a kusa da gari. Arewa dai bai sake nufa ba. Matasan da ke bin hanyar yanzu, da kekunansu masu kaurin taya, wasu sun ji labarinsa sun zo tambayar inda ake samun ruwa da inda ake tsallake rafi, ya gaya musu abin da ya sani a taƙaice. Senga ta koma wurin ƙanwarta a Greenock, sukan gaisa a waya lokacin Kirsimeti. Da gwiwarsa ta hagu ta ƙi, aka yi masa aiki, matakalar hawa uku ta gagare shi.

Yanzu yana garin Paisley, a gidan Rhona da mijinta, a ɗakin ƙasa mai kallon lambu. Ya haura tamanin, kunnensa ya yi nauyi, amma yana fita da sandarsa kowace safiya ya sayo burodi.